Fita Shan Iska Ma Magani Ce: Ina Za Mu Kai Iyali A Gombe?

 

A makonnin baya mun yi bayani a kan hawan jini da yadda ake shan magungunansa. A ƙarshen bayanin na ce motsa jiki da samun natsuwa suna daga cikin magani, sai 'yan uwa mata da dama suka aiko da tambaya kusan iri ɗaya: to ina za mu je? Wata baiwar Allah ma cewa ta yi, in ban da asibiti da gidan biki da gaisuwar mutuwa, ta manta rabon da ta fita da mai gidanta da yara don kawai su zauna su sha iska. A kan wannan za mu tsaya a wannan mako. Zan yi misali da garinmu Gombe saboda shi na fi sani, masu karatu na sauran garuruwa sai kowa ya auna da nasa.

Abin da muke gani a kantin magani

Duk wanda ya daɗe yana tsayawa a kantin magani ya san wani rukuni na mata da ke zuwa da koke iri ɗaya: ciwon kai da ba ya jin farasitamol, jiki duk ya yi tsami, gaba yana faɗuwa, dare ya raba barci ya ƙi zuwa. Da yawa sukan ce a ba su maganin barci. Irin waɗannan ƙwayoyi, kamar diazepam, ba a bayar da su sai da takardar likita, domin jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, daga nan kuma rabuwa da su sai an sha wuya. Idan aka zauna aka tambayi mace yadda take yini, sai a tarar tun daga asuba har sha ɗayan dare tana tsakanin ɗaki da madafa da bakin rijiya, ranar Asabar kamar ranar Talata. Aikin gida yana gajiyarwa ƙwarai, amma yawancinsa a tsaye wuri ɗaya ko a durƙushe ake yin sa, kuma ba ya barin zuciya ta huta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, wato kamar tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 ake so su samu kullum. Hukumar ta kuma ce kada a zaunar da jariri gaban waya ko talabijin, yaro mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini. Kowace uwa ta duba gidanta ta ga inda aka kwana.

Tafiya a ƙasa tana taimakawa wajen saukar da hawan jini, tana sa jiki ya fi iya sarrafa sukari, tana rage ƙiba da ƙuncin rai. Hasken rana na safe yana daidaita wa jiki lokacin barci da na farkawa. Yaran da ke samun wasa a fili sun fi tsira daga matsalar kasa hango abin da ke nesa, wadda ke sa a ɗora wa yaro tabarau tun yana firamare. Sai dai a kiyaye: wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na ciwon sukari kada ya ajiye shi don ya fara tafiya. Haɗa su ake yi, likita ne kuma zai rage in lokacin ragewa ya yi.

Kamar kowane magani, shi ma wannan yana da ƙa'idar sha. Wanda aka tara shekara guda aka sha a rana ɗaya, ranar Sallah, ba zai yi aiki ba. Akwai na kullum, akwai na wata-wata, akwai kuma na sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ta kullum: cikin unguwa

Mu da ke Dawaki, da maƙwabtanmu na tsofaffin unguwanni irin su Shamaki da Herwagana da Kumbiya-Kumbiya, mun san gidaje a haɗe suke, filayen da aka yi wasa a da yawanci an gine su. Yaro in ya fita ko dai ya yi ƙwallo a kan titi tsakanin babura da Keke Napep, ko ya gangara kwari. Kwarurukan Gombe kuwa ba wurin wasa ba ne, musamman da damina. Ana iya yin ruwa a can saman gari, nan ko yayyafi babu, sai ruwa ya taho da ƙarfi ba sallama.

Duk da haka ba a rasa yadda za a yi ba. Bayan sallar asuba gari shiru ne, iska da sanyi, titi babu cunkoso. Mai gida da uwargida za su iya zaga unguwa na minti 20 zuwa 30 kafin a fara shirin makaranta. In hakan bai yiwu ba, mata biyu ko uku maƙwabtan juna su riƙa takawa zuwa Islamiyya ko ziyarar 'yan uwa na kusa, a bar hawa Keke sai in da nisa. Ma'aunin tafiyar shi ne a yi saurin da numfashi zai ɗan ɗaga, amma ana iya hira. A sa takalmi mai laushi wanda ba ya zamewa.

Su kuma yara, iyayen layi ɗaya su haɗa kai su nemi izinin shugaban makarantar firamare mafi kusa a bar su su yi wasa a filin bayan la'asar, babba ɗaya yana zaune yana lura, ana karɓa-karɓa. Langa da tsallen igiya da 'yar gala-gala da gaɗa ba sa cin ko kwabo, kuma duk motsa jiki ne na gaske. Da daddare in an ci tuwo, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kife wayoyi na rabin awa, a bar kaka ta yi tatsuniya. Ita ma tsohuwar tana bukatar a saurare ta.

Ta wata-wata: cikin gari

Yara da yawa an haife su a Gombe amma ba su san Gombe ba. A fara da ƙofar fada. A tsaya a nuna musu, a gaya musu cewa Modibbo Buba Yero ne ya kafa masarautar a zamanin jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, cewa asalin hedikwatar tana Gombe Abba, kuma a 1919 aka dawo da ita nan inda muke. A gaya musu Mai Martaba Sarkin Gombe Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku ya hau gadon sarauta a 2014, jihar kanta kuma an ƙirƙiro ta ranar 1 ga Oktoba, 1996. Yaron da aka faɗa wa wannan yana tsaye a wurin ba zai manta ba ranar jarrabawa.

Daga nan akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya ratsa garin a farkon shekarun 1960 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Akwai kasuwar Tudun Hatsi, inda yaro zai ga masara da dawa da gero da wake jibge a buhuna, ya san daga inda tuwonsa ke fitowa. Sai dai mai asma a nisanta shi da inda ake sheƙar hatsi ko juye buhu, saboda ƙura.

Ga masu son wasanni akwai filin wasa na Pantami, gidan ƙungiyar Gombe United. Garin nan kuma ya yi suna a ƙwallon kwando saboda ƙungiyar Gombe Bulls. Uba ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su kallo ido da ido ya fi a bar su su kwana a gidan kallon ƙwallo cikin hayaƙin taba. A zauna kusa da ƙofar fita, a kuma tashi kafin a busa tashi don a kauce wa turereniya.

Wuraren wasan yara masu lilo da ake biyan kuɗin shiga su ma sun ƙaru a gari. Shawarata a nan ita ce a daina jiran Sallah. Ranar Sallah kowa ke zuwa, layi ya yi tsawo, rana ta daki yara, a loda wa lilo fiye da ƙarfinsa, wani yaron ya ɓace. A je ranar Asabar ta gama-gari bayan la'asar. Kafin a ɗora yaro a kan kowane lilo a duba ƙarfen ko ya yi tsatsa, a ga ko akwai abin ɗaurewa, a taɓa shi da hannu a ji ko rana ta gasa shi. In kuma an fita kallon hawan Sallah, a rubuta lambar wayar uba a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a tsaya nesa da inda dawaki ke sukuwa.

Ta shekara: bayan gari

Wuri mafi kusa shi ne Dadin Kowa, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe a kan hanyar Biu, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. An gina madatsar a kan kogin Gongola, daga nan ne kuma ake turo ruwan famfon da muke sha a gari. Ga ruwa iya ganin ido, ga Dutsen Bima ana hangowa, ga lambuna da gonakin shinkafa na rani, ga ɗanyen kifi. Ana iya zuwa da safe a dawo kafin magariba.

Gargaɗina a kan Dadin Kowa, da kowane dam ko tafki ko kududdufi, shi ne a kalli ruwan daga baki, kada a bar yara su shiga. Bayan haɗarin nutsewa akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke rayuwa a irin wannan ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga yaro namiji. Cuta ce, kuma in aka bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel ne, ana auna shi da nauyin yaro ko tsawonsa, don haka asibiti za a je, kada a saya a sha da ka. In za a hau kwalekwale a tabbatar akwai rigar ruwa ga kowa, in babu a haƙura.

Ta kudu kuwa, a kan hanyar Yola, in an wuce Kumo da Billiri sai Kaltungo, daga nan a hau tudun Tula. Wurin akwai sanyi da duwatsu da kyan gani, ga tsofaffin gine-ginen zamanin Turawa, lokacin da Tula take hedikwatar yankin Tangale-Waja. Sai dai yankin ya yi suna da macizai, musamman kububuwa, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji yake Kaltungo. A sa takalmi rufaffe, a bi hanyar da mutane ke bi, kada yaro ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, a kuma nemi ɗan gari ya yi jagora. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman maganin gargajiya. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a nufi asibiti kai tsaye. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagawa kuwa ƙara zubar jini take yi.

Masu sha'awar tarihi suna da Gombe Abba a ƙaramar hukumar Dukku, inda kabarin Buba Yero yake, da kuma Burmi kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a yaƙinsa da Turawan Ingila a watan Yulin 1903. Wanda Allah ya hore wa kuma zai iya kai iyali Yankari a jihar Bauchi, su ga namun daji, su ga ruwan Wikki mai ɗumi wanda zafinsa ke tsayawa a wajen digiri 31 rani da damina.

Wane lokaci ya fi?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi dacewa da tafiya mai nisa, sai dai ranar da hazo ya yi kauri mai asma da mai ciwon ƙirji su zauna a gida ko su rufe hanci. Watannin Maris da Afrilu da farkon Mayu zafi yakan kai digiri 40, don haka fita sai da sassafe ko bayan la'asar. Ƙarshen damina ƙasa ta fi kyau, komai kore shar, amma ciyawa ta yi tsawo, sauro ya yi yawa. A kowane lokaci a yi tafiya da rana, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, a kuma dawo gida kafin duhu.

Abin da za a sa a jaka

Na farko ruwan sha mai tsabta, fiye da yadda ake zaton za a bukata. Sai sabulu, da filasta, da bandeji, da farasitamol na manya da na yara tare da cokalin awonsa.

A riƙe ƙullin gishiri da sukari na ORS ko da biyu ne. Ana zuba ƙulli ɗaya a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. In babu shi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihu, kada a jefa shi can cikin but. Mai ciwon sukari ya tafi da alewa ko dabino saboda tafiya na iya saukar da sukari, alamarsa kuwa rawar jiki da gumi da jiri. Mai allurar insulin ya sa ta a ƙaramar kula, a naɗe ta da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙara, domin daskarewa na lalata ta kamar yadda zafi ke yi. Kada a bar kowane magani a motar da aka rufe a rana. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su a ƙasa da digiri 30, cikin rufaffiyar mota kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Yaro ma kada a bar shi a ciki ko na minti biyar ne.

Yaro mai sikila yana iya fita kamar kowa, amma a riƙa ba shi ruwa a kai a kai, a bar shi ya huta in ya gaji, a hana shi shiga ruwan sanyi, a tafi masa da rigar sanyi. Mai farfaɗiya ya sha maganinsa a kan lokaci, kada a bar shi shi kaɗai a bakin ruwa ko kan dutse. Iyayenmu da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari su fi kowa kula da shan ruwa da zama a inuwa.

Yaron da ke amai a mota a zaunar da shi inda zai riƙa hango gaba, a ɗan sauke gilashi, a karɓe waya daga hannunsa, kada a cika masa ciki da maiƙo kafin a tashi. Kada a ba yaro maganin mura ko na amai don ya yi barci a hanya. Promethazine musamman ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya danne masa numfashi.

Guzuri

Yawancin gudawar da ke biyo bayan yawon Sallah daga abin da aka ci a hanya take. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba, da zafin bazara ma bai kamata ya kai haka ba. Shinkafa da miya da kunun aya da kwaɗon da aka riga aka haɗa suna saurin lalacewa. Abin da ya fi jure hanya shi ne soyayyen nama ko kilishi, da ƙuli-ƙuli, da gyaɗa, da dabino, da burodi, da 'ya'yan itacen da ake ɓarewa kamar lemo da ayaba. Masa da tsire a saya inda ake yi a gaban ido, a ci da zafinsu. Zoɓo a yi shi a gida, a rage sukari. Fura da nono a saya wurin wadda aka san tana tafasa madararta kafin ta kwantar da ita. A wanke hannu kafin a ci, in an tashi kuma a kwashe ledoji a tafi da su.

Ga magidanta

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da kuɗin masara da na makaranta, wa ke ta shan iska? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma zagaya unguwa da asuba kyauta ne, zuwa ƙofar fada da tashar jirgi kuɗin Keke ne kawai. Tafiya irin ta Dadin Kowa kuma gida uku ko huɗu na 'yan uwa za su iya yin asusu na 'yan watanni su ɗauki bas ɗaya, kowace uwargida ta zo da abin da ta dafa. A kwatanta wannan da kuɗin maganin hawan jini na wata-wata har ƙarshen rayuwa, ko kuɗin kwanciya asibiti in ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye.

Abin da na fi so a ɗauka shi ne, in za a fita a fita da ita. Sau da yawa uwa ce ke tashi da asuba ta soya, ta yi wa yara wanka da kwalliya, ta raka su bakin ƙofa, sannan ta koma wanke-wanke. Ita ce kuma muke gani a kantin magani bayan kwana biyu. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) a halin tafiya, don haka fita da iyali cikin mutunci da sutura ba baƙon abu ba ne a addini. Mai mata fiye da ɗaya ya yi adalci a nan ma, ko a tafi gaba ɗaya ko a yi bi da bi. In akwai tsohuwa a gida a tafi mata da kujera da lema. Ranar fita kuma a raba aikin, manyan yara maza su ɗauki kaya su kula da ƙannensu, don ita ma ta samu ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa.

A zauna yau da daddare a tsayar da rana ɗaya a cikin watan nan, a faɗa wa yara. In dai yara sun ji, ba za su bari a manta ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana magunguna a gida lokacin zafi, da waɗanda ya kamata a zubar. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, ya raya mana zuriya. Wassalam.